Sai An Sayar

Daga tsakiyar Nuwamba, da zarar hunturu ya fara busawa, duk wani falalen dutse da gefen kwalta daga Kagarko zuwa Kubacha, a miƙe har Kwoi da Kachia, sai ka tarar an shanya citta. Ƙamshinta kan shiga mota ko da an ɗaga gilashi. Matafiyi ya gani ya ce mutanen nan sun yi arziki, kuma a shekarun da abin ya yi kyau bai yi ƙarya ba: da kuɗin citta aka yi rufin kwano, aka sayi babura, aka kai yara jami'a. Abin da matafiyi ba ya tambaya shi ne wa ya tono ta. Na noma citta, na saya na ajiye, na kuma sauki baƙi a zaurena tun ina da ƙarfin ɗaga buhu, saboda haka 'yan ƙwadagon da zan yi magana a kansu mutane ne da muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Citta shuka ce mai cin hannu. Tun Afrilu ake ɓare iri, a yi kaftu, a binne, a bi da ciyawa ko ganye a lulluɓe gonar don kada rana ta ƙone tsiron. Haki kuma da hannu ake cire shi, don fartanya na iya sare ƙwayar. In ganye ya yi rawaya ya kwanta, sai tono: a sunkuya tun fitowar rana, a ɗago gindi bayan gindi, a karkaɗe ƙasa, a tsinke saiwoyi, a zuba a buhu, a ɗauko a ka zuwa inda babur ke iya kaiwa. Daga nan matan gari, Koro da Gbagyi da Jaba da Hausawa, su zauna da wuƙa suna tsaga kowace ɗaya gida biyu har tafin hannu ya yi zafi kamar an shafa barkono. A shanya, a juya, a kwashe. Ko tafin giwa ka shuka ko yatsun biri, wahalar ɗaya ce. Tun wajen 1927 ake noman nan don sayarwa a kudancin lardin Zazzau, lokacin da layin dogo ya haɗe a Kafanchan, kuma har yau ban ga injin da ya ɗauke wa ɗan Adam tonon nan a ƙasarmu ba.

Iyalin manomi ba sa iya aikin su kaɗai, don tono yana faɗowa ne lokaci guda da girbin dawa da shinkafa da haƙar doya. Allah kuwa ya sa lokutanmu da na mutanen arewa sun saɓa. A Katsina da Sakkwato da Zamfara, da can ƙetaren iyaka a Maraɗi da Tasawa da Tawa da Damagaram, damina gajera ce. Kafin Oktoba ta ƙare an yanke gero an ɗaure an kai rumbu, samari sun zauna ba aiki har wata shida ko bakwai. Mu nan a lokacin ne ruwa ke ɗaukewa, aikinmu ya taso gadan-gadan. Saurayin da ya fito cirani ya yi wa gidansu amfani biyu: ya rage baki ɗaya a kan rumbu, ya kuma koma da kuɗin taki ko na aure. Bayan farin 1973 da 1974 suka ƙaru. Bayan na 1984 kuwa suka zo har da waɗanda a da sun fi ƙarfin ƙwadago, masu garke da suka wayi gari ba ko akuya.

A zamanin da na taso, baƙo ba ya shiga gona kai tsaye. Yakan sauka wajen mai masauki, ko ɗan garinsu da ya daɗe a nan, ko wanda ya sauki yayansa bara. Mai masauki shi zai kai shi gaban mai unguwa a san da zamansa, shi zai nema masa gona, shi zai ajiye masa kuɗi kada ya ɓarnatar. In manomi ya yi taurin bashi, mai masauki ne zai sa babbar riga ya je ƙofar gidansa ya yi sallama, kuma da wuya a bar dattijo a tsaye a kan kuɗin lebura. In baƙo ya ɗauki abin da ba nasa ba, shi ɗin dai za a kira. Kada in yi wa zamaninmu kwalliya: ba don Allah kaɗai ake yi ba. Mai masauki yakan samu a tone tasa gonar kafin ta kowa, da rangwame, wani ma har da la'ada. Amma dai akwai mutum mai suna da gida a cikin gari, wanda kunya za ta hau kansa in an cuci yaron.

Da citta ta yi kuɗi, gonaki suka girma. Mun yi iyaka da Abuja ta wajen Bwari, ga Jere a kusa da titin Kaduna, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka fara zuwa suna hayar fili kadada-kadada. Irin wannan mai gona ba ya kwana a nan, bai san sunan lebura ko ɗaya ba. Yakan damƙa kuɗi a hannun ɗan kamasho, shi kuma ya yi waya can ƙauyensu a cika masa mota. Tun kafin yaro ya taɓa fartanya an rubuta masa bashi: kuɗin mota, kuɗin abin da aka ba 'yan shinge a hanya, ɗan kafin alƙalamin da aka bar wa matarsa. Garin da zai sha da ƙosan da zai ci, a wajen ɗan kamashon zai ɗauka, a farashin da aka ga dama. Ranar biya sai a yi ta cirewa. In ka tambayi mai gona ya ce shi ya biya tsaf, kuma gaskiya ya faɗa. In ka tambayi ɗan kamasho ya buɗe maka littafi. Kowa hannunsa a wanke, yaro kuma ya tashi da rabin abin da ya yi tsammani.

Biyan ƙwadago a nan iri uku ne. Akwai na yini, a tashi da la'asar a karɓa. Shi ne mafi tsabta kuma mafi ƙaranci. Akwai jinga, a auna fili ko a ƙidaya buhu a yi ciniki; masu ƙarfi sun fi son sa, don in mutum ya dage yakan ninka kuɗin yini, sai dai shi ke sa su aiki da zazzaɓi a jiki, shi ke sa wasu haɗiyar ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a faranti ranar kasuwa. Rigimarsa kullum a bakin buhu take: mai gona na son a danna a yi masa toliya, lebura na son a ɗinke da wuri. Na uku shi ne wanda na fi daɗewa ina tunani a kansa, wato a ce wa mutum, yi aikin, sai an sayar a sallame ka.

Manomi yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Kuɗinsa duk suna cikin ƙasa: iri, wanda shi ne mafi tsada a noman citta, da taki, da noman ciyawa. Lokacin tono aljihunsa wayam. Sannan kowa ya san lokacin kaka ne farashi ke ƙasa, don kowa na fitarwa. Wanda ya iya riƙe busasshiyar cittarsa wata uku ko huɗu shi ke cin riba. To da me zai riƙe? Da haƙurin lebura. Yaron da ya zo daga Tasawa da riga biyu a leda shi ne ya ba mai gona rance, ba riba, ba takarda, ba ranar biya. In farashi ya tashi ba a ƙara masa ko kwabo. In ya faɗi sai a ce masa, ka ga yadda kasuwa ta yi, a yi haƙuri a rage. Riba ta mai gona ce shi kaɗai, asara kuwa da lebura ake raba ta.

Na sha zuwa biko irin wannan. Yaro ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, a taimaka a yi masa magana. Hadari ya fara haɗuwa a gida, ban ko share gona ba." In je in ce, "Malam, yaran nan fa lokacin tafiyarsu ya yi." Ya ce, "Wallahi Alhaji ban ƙi ba, amma in na fitar yanzu na faɗi. Su ƙara mini mako biyu." Mako biyun nan shi ne makamin, ko mai gona ya nufa ko bai nufa ba. Ya san ruwan shuka ba ya jiran kowa. Ya san yaron ba zai zauna a Kagarko yana bin bashi gonar ubansa na zaune ba shuka ba. Ranar da hankalinsa ya tashi, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa ya ce ya yafe sauran. Na daɗe ina jin wannan yafiya tana ci mini rai, don mutumin da motarsa ke shirin tashi ba yafewa ya yi ba, ƙwace masa aka yi cikin ladabi. Malamanmu a masallaci da fastocin maƙwabtanmu a coci duk suna wa'azin gaggauta biyan ma'aikaci, kuma a wannan ɗabi'a ban ga bambanci tsakanin mai zuwa Juma'a da mai zuwa Lahadi ba.

Wurin kwana kuwa duk inda dare ya yi. Masu sa'a su samu zaure ko shagon da ba kowa. Saura kangon gini, ko barandar makaranta lokacin hutu, ko bukkar kara a gona, mutum goma a kan buhunan da aka farke aka shimfiɗa, cikin sanyin Disamba wanda mutumin Sakkwato ma yakan yi mamakinsa a tsaunukan nan. Ruwan sha daga rafin da shanu ke sha, a jarkar da aka gama feshin maganin ciyawa da ita aka ɗauraye. Abinci garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ran da aka samu a dafa shinkafa da manja. Ba sa son kashe kuɗi a kan cikinsu, don kowace naira an riga an yi mata wuri a gida. Sauron ƙasarmu bai san baƙo ba, macijin da ke kwance ƙarƙashin ciyawar da aka lulluɓe gona da ita ma haka. In ɗayansu ya kwanta, 'yan'uwansa ne ke karo-karo su kai shi kemis. In ya cika, a binne shi nan, a aika gida da labari da jakarsa.

Masu tsinkar 'ya'yan itace sun fi kowa zama a bakin haɗari, kuma ba a ma lissafa su cikin ma'aikata. Ɗan kasuwa kan zo tun mangwaro ko lemo na ɗanye ya sayi bishiya sukutum, ko lambu gaba ɗaya. In ya nuna sai ya dawo da mota da yaransa, su hau ba igiya ba tsani, ɗaya na sama yana jefowa, ɗaya na ƙasa yana tarewa da buhu, a cika mota kafin dare a nufi kasuwar Zuba ko 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano. Reshen mangwaro ba ya gargaɗi kafin ya karye. Mai lambu zai ce shi ya sayar da bishiya, ba ruwansa da wanda ya hau. Ɗan kasuwa zai biya mai ɗori sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce. Akwai wanda na sani da ya zo da ƙafafunsa ya koma a kwance a bayan motar lemo, shekarunsa ba su fi ashirin ba.

Shekarar 2023 ce ta tona asirin tsarin nan duka. A farkonta aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga Janairu har cikin Maris, daidai lokacin sallamar 'yan tono. Mai gona ya ce zai tura ta waya. Mutumin Nijar ba shi da asusun banki, ba shi da lambar da ake buɗe shi da ita. Sai a tura wa wani, wanin ya je wajen masu POS a cire kaso mai tsoka kafin a ba shi takarda, in an samu ke nan. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta rufe iyaka a Agusta, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Naira kuma ta zube, abin da yaro ya tara in ya canza zuwa sefa sai ya ga bai kai wahalarsa ba.

A cikin daminar 2023 ɗin ce kuma wata cuta ta sauka a kan citta. Ganye ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, ka ja gindi ya biyo hannunka, ƙwayar ta ruɓe tana wari. Cikin 'yan makonni ta bi Kachia da Kagarko da Jaba da Jama'a da Zangon Kataf. Na ga magidanta suna kuka a bakin gona, mutanen da suka ci bashin banki da na adashe, waɗanda suka sayar da shanu suka zuba a iri. Gwamnatin tarayya ta ce asarar ta haura naira biliyan 12, daga baya ta sanar da tallafin naira biliyan 1.6. Ba na raina wannan, manoma sun cancanci fiye da haka. Amma da aka zo rubuta sunaye, kadada aka ƙidaya da masu ita. Wanda ya yi kaftu da cirar ciyawa tun Afrilu a kan alkawarin sai an sayar, ba abin da aka sayar, saboda haka ba abin da aka ba shi, kuma ba takardar da ke da gurbin sunansa. Matan da ke jiran tsaga don kuɗin makarantar yara su ma haka. Da kaka ta zo, samarin arewa da ba su ji labari ba suka sauko daga mota a Kubacha suka tarar ba abin tonowa. Wasu suka wuce Abuja turin kurar ruwa, wasu suka nufi ramukan haƙar ma'adinai.

Wani ɗana da ya yi karatun shari'a ya taɓa karanta mini dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga zuwa naira 70,000 a 2024. Ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta ware masu aikin jinga da na kamasho, ta ware aikin da ke bin yanayi irin na gona. Na ce masa, ashe wanda ya rubuta ta ya san mutanena sarai, tunda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya fitar.

Da ina tsammanin talaucinmu ne ya jawo haka, sai ɗan wani tsohon baƙona ya bi ta Agadas da Libiya ya tsallaka Italiya, ya riƙa aiko mana da murya ta WhatsApp. Yana tsinkar tumatir a yankin Foggia da bazara, da sanyi ya gangara Kalabariya tsinkar lemo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban ji sabon abu ko ɗaya ba. Akwai ɗan kamasho, sau da yawa baƙar fata ɗan'uwansu da ya riga su zuwa, shi ke da mota, shi ke zaɓen wanda zai yi aiki da asuba, ya cire kuɗin mota da na ruwa da na burodi. Biya jinga ne, Yuro 3 ko 4 a kan akwatin da ke cin kilo 300 na tumatir. Kwana a bukkokin kwano da leda a bayan gari, inda gobara ke tashi kusan duk shekara. Abin da ruwan shuka ke yi wa yaronmu a nan, takardar zama ke yi musu a can: wanda ba shi da ita ba ya kai ƙara, wanda tasa ke rataye da mai gona ba ya ɗaga murya.

Labaran da suka fito a rediyo sun gaskata shi. A Janairun 2010 aka harbi wasu 'yan Afirka masu tsinkar lemo a garin Rosarno, rikici ya tashi, aka kwashe fiye da mutum dubu a motoci aka fitar da su daga garin da suka yi wa girbi. A Yunin 2018 aka harbe Soumaila Sacko, ɗan Mali, yana tsintar tsohon kwano a wata masana'anta da aka yi watsi da ita don rufa bukka. Wata biyu bayan haka, ma'aikatan tumatir 16 suka mutu a haɗarin mota biyu kusa da Foggia, a cikin irin motocin da ake cusa su. A Yunin 2024 inji ya cire wa Satnam Singh, ɗan Indiya, hannu a wata gona a yankin Latina. Maimakon asibiti aka ajiye shi a ƙofar gidansa, hannun a cikin akwatin kayan lambu, ya rasu bayan kwana biyu. Italiya fa tana da doka tun 2016 da ke hukunta ɗan kamashon da mai gonar da ya yi amfani da shi, dokar da ta biyo bayan matsin lambar da ya faro daga yajin aikin garin Nardo na 2011, wanda wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, ya jagoranta. Wannan ɓangaren ya burge ni, don ta toshe ƙofar nan ta "ni na biya tsaf". Amma sufeto ba ya kwana a gona, kuma manyan kantuna da ke matse farashin tumatir ba su zuwa kotu.

Mu Hausawa bai kamata a ba mu labarin wannan rayuwa ba. Kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa sun tsaya a Sudan suna tsinkar auduga a gonakin Jazira tun bayan da aka buɗe su a 1925, kuma jikokinsu da yawa har yanzu a sansanonin leburori suke zaune a gefen ƙauyukan masu gona. Mutanenmu sun yi dako da aikin koko a Gana har gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fice a 1969. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka kori na wasu, akasarinsu 'yan Gana. Duk wanda ke da gona a Kagarko yau, in ya bincika danginsa zai samu wanda ya taɓa kwana a kangon wani yana jiran a sallame shi.

Rashin tsaro ya ƙara wa baƙo nauyin da ba shi ya ɗora ba. Tun da garkuwa da mutane ta addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna da ƙauyukanmu, baƙuwar fuska ta zama abin zargi. Ba na ganin laifin wanda aka sace masa mata ko ɗa, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, in ya ga baƙo a bayan gidansa gabansa ya faɗi; kuma ba zan rantse cewa ba a taɓa samun ɗan leƙen asiri cikin masu zuwa ba. Sai dai mafi yawansu su ma gudun 'yan bindigar suka yi daga Zamfara da Katsina, kuma su ne ke kwana a gona, inda ake fara ɗauka, ba kuwa mai biya musu fansa. Yaron da 'yan banga suka tare da dare, tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya san ka a garin nan. Ɗan kamasho ya kashe waya. Mai gona yana Abuja. Dangane da ɗan Nijar, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi izinin shigowa ba biza har kwana 90, amma ƙasarsa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma tun kafin haka ma ban taɓa ganin takarda ta hana a karɓi na goro a hannunsa a shinge ba.

A unguwarmu mun koma ga abin da muka iya. Duk mai ɗaukar baƙi ya kawo su gaban mai unguwa, a rubuta sunan kowa da garinsu da lambar wani nasa, a faɗi cinikin da baki a gaban shaidu, buhu nawa, nawa ne, wane irin cikawa. Biya kuma duk ranar kasuwa, a hannun wanda ya yi aikin, ba a hannun wanda ya kawo shi ba. Wanda ba shi da kuɗi ya fitar da buhu ɗaya ya sayar a farashin ranar ya sallami mutane, ya riƙe saura ya jira ribarsa da abinsa. Wasu sun bi, wasu sun ce mun tsufa mun fara shisshigi, suka kai baƙinsu can gona inda ba mai gani.

Abin da ya fi dokarmu tasiri shi ne wayar hannu. Yanzu kafin yaro ya hau mota a Jibiya ko Illela ya riga ya san wane mai gona ne ya riƙe kuɗin mutane bara, don sunansa ya zagaya ƙauyuka. Da aka fara komawa noman citta bayan cutar, da ɗan irin da ya tsira wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, masu zuwa sun ragu ƙwarai, waɗanda suka zo kuma sun zo da sharaɗi. Wani maƙwabcina ya yi wa wasu samarin Maraɗi tayin jinga mai kyau, ya ce rabi yanzu, rabi in an sayar. Babbansu ya ce, "Maigida, mu dai na yini muke so, ko ya fi kaɗan." Ya zo yana mini ƙorafi wai yaran yanzu ba su da amana. Ya sayar da akuya biyu ranar kasuwar Kubacha, ya biya su kullum da la'asar, suka tone masa gonar tas kafin Kirsimeti.